Mikiya Ta Kasa Tashi, Ido Ya Koma Kan Masu Gida

Ran Lahadi 16 ga watan Nuwamba na 2025, a birnin Rabat na ƙasar Maroko, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, watau Super Eagles, ta rasa damarta ta ƙarshe ta zuwa gasar cin Kofin Duniya ta 2026. An yi kunnen doki da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kowa da ci ɗaya, aka ƙara minti 30 ba a bambance ba, sa'an nan Kwango ta rinjaya da ci 4 da 3 a bugun fenariti. Tun daga 1994, lokacin da Nijeriya ta fara halartar wannan gasa, ba a taɓa yin ta sau biyu a jere babu ita ba sai a wannan karo.

Mako biyar cif kafin wannan rana, watau ran Lahadi 12 ga Oktoba, wani abin takaicin ya auku a Kano. A filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, Kano Pillars tana gaba da ci ɗaya har ana shirin tashi, sai Shooting Stars ta Ibadan ta farke a daƙiƙun ƙarshe. Waɗansu 'yan kallo suka ɓalle suka faɗa fili, suka auka wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar da ke kula da gasar ta ci Pillars tarar Naira miliyan 9.5, ta zabtare mata maki uku, ta kuma kore ta zuwa Katsina ta riƙa karɓar baƙinta a can.

A ganin mutane da yawa babu abin da ya haɗa waɗannan Lahadi biyu, tun da ɗaya al'amarin ƙasa ne da ya faru a wata uwa duniya, ɗaya kuwa rikicin cikin gida ne. Amma wanda ya zauna a majalisun Ƙofar Kabuga ya kasa kunne ga tsofaffin masu sha'awar ƙwallo, zai ji suna ƙulla su wuri ɗaya. Abin da suke cewa shi ne, ƙungiyar ƙasa rufin ɗaki ce, kulob-kulob na gida su ne bango, ba kuwa a yi wa rufi kuka alhali ana farfasa bango da hannu.

MAJALISUN KABUGA

Ƙofar Kabuga tana yammacin birnin Kano, inda hanyar Gwarzo ta fita. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana kusa, sabuwar kuma tana gaba a kan wannan hanya, saboda haka wuri ne da ɗalibai da malamansu, da ma'aikatan gwamnati masu komawa Rijiyar Zaki da Janbulo da Tudun Yola, da direbobin adaidaita sahu, suke cuɗanya safe da yamma. Da an idar da sallar magariba sai teburan masu shayi su cika, gidajen kallo su ta da janareto. Bayan siyasa da tsadar rayuwa, babu hirar da ta kai ta ƙwallo armashi a wannan wuri.

Masu hirar kashi biyu ne. Akwai samari, galibinsu ɗalibai, waɗanda suka haddace sunayen 'yan wasan Arsenal da Chelsea da Real Madrid da Barcelona kamar karatun allo, sakamakon kowane wasa kuma yana cikin wayarsu kafin alƙali ya sauke usur daga baki. Akwai kuma dattijo, wanda kowace majalisa tana da irinsa: tsohon ma'aikaci ne ko malamin makaranta, ya fara sauraron ƙwallo a rediyo tun ana kiran ƙungiyar ƙasa Green Eagles, ya kuma sha taka sayyada zuwa filin Sabon Gari don ya ga Raccah Rovers. Saurayi yana jin zafin abin da ya faru a Rabat domin an hana shi ganin Victor Osimhen a gaban duniya. Dattijo kuwa ciwonsa daban ne, domin shi ba yau ya fara ganin irin wannan ba, ya kuma san inda abin yakan fito.

TSOHON CIWO

In dattijon ya fara lissafi, daga 1977 yake ɗaukowa. Ran 12 ga Nuwamba na wannan shekara, a babban filin wasa na Surulere a Legas, Nijeriya ta karɓi baƙuncin Tunisiya a wasan neman zuwa Kofin Duniya na Ajantina. Mai tsaron baya Godwin Odiye ya yi niyyar kawar da ƙwallo da ka, sai ta faɗa ragar gida. Da wannan ci ɗaya aka tashi, Tunisiya kuma ita ce ta wakilci Afirka a 1978.

Bayan shekara uku farin ciki ya zo. Ran 22 ga Maris na 1980, a wannan fili dai, Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci uku da nema, ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofi, aka yi wa 'yan wasa kyautar gidaje da motoci. Kowa ya ɗauka hanya ta buɗe ke nan. Amma a watan Oktoba na 1981 Aljeriyar nan ta dawo Legas ta ci biyu ba ko ɗaya, ta ƙara da ci 2 da 1 a gidanta, ta tafi Kofin Duniya na Sifen ta bar zakarun Afirka a gida.

Wanda ya fi tsaya wa Bakano a rai kuwa shi ne na 2005, domin a gabansa aka yi shi. Ran Asabar 18 ga Yuni aka kawo wasan Nijeriya da Angola filin Ƙofar Mata, a zamanin da Alhaji Ibrahim Galadima, ɗan Kano, yake shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Jay-Jay Okocha ya zura ƙwallo tun farkon wasa, aka ga kamar an gama, sai Figueiredo ya farke wa Angola bayan an dawo daga hutu. Da ma Angola ta ci Nijeriya ɗaya da nema a Luwanda a 2004. Ƙarshen zagaye ƙasashen biyu suka tashi da maki 21 kowacce, Nijeriya ta fi yawan ƙwallaye, amma dokar lokacin ta ce a duba karawar da suka yi da juna. Angola ta tafi Jamus a 2006.

Jaridun Kudu suka yi ca a kan Kano, aka ce zafin rana ne ya gajiyar da 'yan wasan da suka saba da sanyin Turai. Galadima kuwa ya faɗi wata magana da ta jawo masa zagi ba kaɗan ba, cewa zuwa Kofin Duniya ba gadon gidan Nijeriya ba ne. Dattijon Kabuga yakan tuna wa samari wannan magana, ya ce mai gaskiya aka zaga. Hujjarsa a fili take. A 2022 ba a Kano aka yi ba: a Abuja ne, ran 29 ga Maris, Gana ta yi kunnen doki da ci ɗaya da ɗaya ta wuce zuwa Katar saboda cin da ta yi a waje, 'yan kallo suka faɗa fili suka yi ɓarna, hukumar FIFA ta ci Nijeriya tara. A zagayen 2026 kuma duk wasannin gida a Uyo aka yi su, garin da ruwan sama ya wadata, amma sau uku ana tashi canjaras a can. Ashe laifin ba na rana ba ne.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Abin da ya sa faɗuwar 2025 ta fi sauran ciwo shi ne, ƙofa ba ta taɓa faɗi kamar wannan karo ba. An ƙara yawan ƙasashen gasar zuwa 48, aka ba Afirka kujera tara kai tsaye. Nijeriya tana da gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, Victor Osimhen, da na 2024, Ademola Lookman, ta kuma kai wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan a watan Fabrairu na 2024, inda mai masauki ta ci ta 2 da 1. Abokan rukuninta su ne Afirka ta Kudu, Jamhuriyar Benin, Lesoto, Ruwanda da Zimbabuwe.

Duk da haka, a wasa huɗu na farko maki uku kacal aka samu. An yi canjaras da Lesoto a Uyo, aka yi da Zimbabuwe, aka yi da Afirka ta Kudu, sa'an nan Benin ta ci 2 da 1. Jose Peseiro ne ya ja ragamar biyu na farko, Finidi George ya ja biyu na baya, kafin a ɗauko Eric Chelle, mutumin Mali, a watan Janairu na 2025. Chelle ya ci huɗu ya yi canjaras biyu, aka tashi da maki 17. Afirka ta Kudu, duk da an cire mata maki uku saboda sa ɗan wasan da bai cancanta ba, ta tashi da 18. Da an ci Lesoto a gida tun ran farko, da ba a je Rabat ba sam.

A Rabat ɗin ma sai da hali ya nuna kansa. Kwana biyu kafin wasa da Gabon 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda kuɗin alawus da suke bin hukuma. An sasanta, aka ci Gabon 4 da 1 bayan ƙarin lokaci. A wasan Kwango, Frank Onyeka ya ci tun minti na uku, Meschack Elia ya farke kafin hutu, Osimhen ya ji ciwo bai dawo ba, daga nan kuma ƙungiyar ta zama kamar an zare mata laka. A cikin wannan zagaye ne tsibirin Cape Verde, wanda jama'arsa ba su kai miliyan ɗaya ba, ya sha gaban Kamaru ya sami kujera. Tagullar da Nijeriya ta samu a Kofin Afirka na Maroko a watan Janairu na 2026 ta ɗan sanyaya zuciya, amma ba ta mayar da abin da ya wuce ba.

A nan ne ra'ayi yakan rabu a majalisa. Samari suna ɗora laifi a kan koci, ko a kan wanda ya zubar da fenariti. Dattijo kuwa yana ganin canza koci uku a zagaye ɗaya, da bashin alawus da ke tasowa a jajibirin wasa, duk alamu ne na gidan da ba a shirya shi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

INDA MIKIYA KE SAMUN FIFFIKE

Tambayar da dattijon ya fi so ya yi wa ɗalibai ita ce: 'yan wasan 1980 daga ina suka fito? Amsa ita ce kusan dukansu daga kulob-kulob na gida. Chukwu da Emmanuel Okala 'yan Rangers ta Inugu ne. Segun Odegbami da Muda Lawal 'yan Shooting Stars ne, watau kakannin waɗanda aka jefa a Ƙofar Mata. Kadiri Ikhana daga Bendel Insurance ya zo. Mutane sun san su ido da ido, suna ganinsu kowane mako, su kuma sun san idan suka yi sakaci a rigar ƙasa akwai kasuwar da za su shiga gobe.

Ko a 2013, lokacin da marigayi Stephen Keshi ya ɗauko Kofin Afirka na uku a Afirka ta Kudu, ya tafi da 'yan wasan gida shida, cikinsu har da Gabriel Reuben na Kano Pillars. Ƙwallon da ta ba da kofi a kan Burkina Faso, Sunday Mba ne ya ci ta, shi ma ɗan wasan gida ne a lokacin. A shekarar da ta biyo baya, a gasar CHAN ta 'yan wasan da ke buga wa kulob na ƙasashensu, Nijeriya ta zo ta uku, Rabi'u Ali da Shehu Abdullahi na Pillars suna ciki. A wannan gasa ce Maroko ta yi gaba da ci uku, Nijeriya ta farke duka ta ci 4 da 3.

Sai a gwada da watan Agusta na 2025. A irin wannan gasa dai, Senegal ta ci 'yan wasan gida na Nijeriya ɗaya da nema, Sudan kuma, ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita har kulob-kulob nata suka koma buga wasa a ƙasashen waje, ta zuba musu huɗu ba ko ɗaya. Aka dawo tun daga zagayen farko. Wannan sakamako, a wurin mai lura, ya fi na Rabat faɗar gaskiya, domin shi ne ya nuna abin da ke cikin rumbu. Babu mai cewa a bar ƙwararrun Turai a ɗauki na gida don kara. Abin da ake cewa shi ne, ƙasar da ba ta da gasar gida mai ƙarfi ba ta da madogara ranar da tauraro ɗaya ya ji ciwo.

ZAMANIN MASU GIDA

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1953 'yan wasanta suka ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa. A 1978 Raccah Rovers ta zama zakarar Nijeriya, a wannan shekara ce kuma ta kara da Fluminense ta Barazil a Kaduna, Pele da kansa yana cikin fili a rigar baƙi. Da Raccah ta shuɗe, sai a 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka kafa Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Sai Masu Gida.

Ta ɗauki shekara 18 kafin ta ci gasar ƙasa. A 2008 ne ta fara, a hannun Kadiri Ikhana, ɗaya daga cikin mutanen 1980. A 2009 ta shiga gasar zakarun kulob na Afirka, ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin. Aka yi ɗaya da ɗaya a Kano, aka yi biyu da biyu a Alƙahira, Pillars ta wuce. Ta zo ta ɗaya a rukuninta, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar'uwarta Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 wani yaro daga Jos, Ahmed Musa, ya ci mata ƙwallo 18, ya kafa tarihi a gasar kafin ya wuce Turai.

Sa'an nan aka shiga shekarun da har yanzu ake ba da labarinsu a Kabuga: 2012, 2013 da 2014, kofi uku a jere, biyu a hannun Mohammed Baba Ganaru, na uku a hannun Okey Emordi. Daga 2003 zuwa watan Agusta na 2015, shekara 12, wasa fiye da 200, babu ƙungiyar da ta ci Pillars a gida a gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan lago da ci 2 da 1. A 2019 kuma aka ɗauko kofin ƙalubale a Kaduna bayan an doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. A waɗannan shekaru, ranar wasa, tun azahar ake ganin ayarin babura da adaidaita sahu suna ratsa birni daga yamma zuwa gabas, daga Kabuga zuwa Ƙofar Mata, da tutoci masu launin rawaya da kore. Ba ƙungiyar da ta fi Pillars tara jama'a a ƙasar nan.

Amma ko a lokacin akwai alamar tsaga a bango. Zakarun gida sun sha fita da wuri a Afirka: AS Vita ta Kinshasa ta fitar da su tun zagayen share fage a 2014, Asante Kotoko ta Kumasi ta yi haka a 2019. Ƙarfin Pillars a Ƙofar Mata yake, da an yi nisa da gida sai ya ragu.

FAƊUWA DA TASHI

A 2020, lokacin annobar korona, aka mai da filin Ƙofar Mata wurin killace majinyata, ƙungiyar ta daɗe tana karɓar baƙi a Kaduna. Da aka dawo gida a watan Afrilu na 2022, maimakon murna sai aka yi hargitsi a wasa da Katsina United, har aka farfasa motar baƙi. Aka ci tara, aka sake korar ƙungiyar, wannan karo zuwa Abuja. A cikin wannan kaka an zabtare mata maki saboda tashin hankali a filin wasa, ƙarshenta kuma ta faɗa rukuni na biyu. Mai kofi huɗu ta koma neman hanya tare da ƙananan ƙungiyoyi. Ta dawo a 2023, ta yi kaka biyu a tsakiyar tebur, sai ga abin da ya faru a Oktoba na 2025.

Lissafin ba mai wuya ba ne, ɗalibin aji ɗaya ma zai iya shi. Ƙungiya 20 ce a gasar, kowacce tana da wasa 38, rabi a gida rabi a waje, huɗu na ƙasa kuma su ke faɗuwa. A gasar Nijeriya cin wasa a waje abu ne mai wuya, saboda haka wasa 19 na gida su ne jarin kowace ƙungiya. Wanda ya jefa dutse ya jawo aka tura ƙungiya Katsina, tafiyar kusan kilomita 170, ya mai da gida waje. Ya kuma jawo asarar kuɗin ƙofa, ya ƙara kuɗin mota da masauki, ya yanke cinikin masu sayar da ruwa da gyaɗa da riguna a bakin fili. A wasan Shooting Stars maki biyu aka rasa a cikin fili. Fushin 'yan kallo ya ƙara uku a kai.

Samari sukan ce alƙalai ne ke zalunci, suna ƙara lokaci don a farke, kuma idan Pillars ta je waje ba a raga mata. Dattijo ba ya musun cewa alƙalanci a gasar yana da nasa ciwon, ya kuma san ba Kano kaɗai ake irin wannan rikici ba. Abin da yake tambaya shi ne, tun da aka fara jifa, an taɓa soke ci ɗaya saboda dutse? Akwai hanyar kai ƙara, yanzu kuma ga hoton bidiyo a kowace waya. Mutumin da ke zagin hukumar ƙasa don ta kasa shirya gidanta, bai kamata a gan shi yana tsallake waya a Ƙofar Mata ba.

ABIN DA AKE HANGE

Duk da haka, ba a yanke ƙauna a Kabuga ba, akwai kuma dalilai. Na farko, manyan 'ya'yan ƙungiyar sun nuna ba su manta gida ba. Ahmed Musa, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, ya ƙara biyu a ragar Iceland a 2018, ya dawo Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024, a watan Yuli na 2025 kuma Gwamnatin Jihar Kano ta naɗa shi babban manajanta. Ya ajiye rigar ƙasa a watan Disamba na 2025 bayan wasa 111, abin da ba wanda ya kai. Shehu Abdullahi, wanda ya ci tagulla a wasannin Olamfik na 2016, shi ma ya dawo a 2024. Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, ya haura shekara 40 yana cin ƙwallo. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a cika rumbu da ita. Ƙungiyar da ta dogara ga mutanen da suka yi tashe shekara goma da suka wuce, tilas ta tambayi kanta ina magadansu.

Na biyu, Kano ta sami ƙungiya ta biyu a babban rukuni a 2025, watau Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa. Kishiya takan sa uwargida ta gyara ɗaki. Yaron da bai sami gurbi a nan ba zai samu a can, gari kuma ya sami wasan hamayya irin wanda ke raya ƙwallo a manyan biranen duniya.

Na uku, akwai abin koyi a kusa. Remo Stars, ƙungiyar wani ɗan kasuwa a ƙaramin garin Ikenne na Jihar Ogun, ta ɗauki gasar ƙasa a 2025. Ba ta da kashi ɗaya cikin goma na magoya bayan Pillars, amma tana da filinta, tana da makarantar renon yara, tana kuma sayar da 'yan wasa da tsari. Pillars kuwa ta gwamnati ce, abin da ke da amfani da illa. Amfaninsa shi ne akwai uwa a bakin murhu. Illarsa ita ce shugabanci yakan canza da canjin siyasa, kuɗi kuma yakan bi hanyar fayil da sa hannu, alhali kakar wasa ba ta jiran kasafin kuɗi. A nan ne ma'aikacin gwamnati yake da hannu a cikin al'amarin, ko bai taɓa shiga fili ba: albashin ɗan wasa da ya kwana a kan tebur, maki ne ya zube.

Sauran aikin kuwa yana can ƙasa, wurin yara. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutanen 1980 da yawa daga gasar makarantun sakandare aka tsinto su. Kano tana da gasar Kofin Ramat ta matasa, wadda ake yi don tunawa da Janar Murtala Muhammed, tana kuma da ɗaruruwan ƙungiyoyin unguwa. Amma filayen da yara ke buga ƙwallo a bayan ganuwa da harabar makarantu suna ta ƙanƙancewa, shaguna da gine-gine suna cinye su. Duk filin da aka yanka aka yi kanti, wata kafa ce aka toshe ta samun Ahmed Musa na gaba. Ɗalibai ma suna da nasu rabo. Wanda ke iya biyan kuɗin gidan kallo sau uku a mako don ya ga Liverpool, zai iya sayen tikiti sau ɗaya ya ga Pillars, ya zauna lafiya, ya tashi lafiya, ya kuma riƙe hannun na kusa da shi in ya ga zai ɗauki dutse.

Gasar Kofin Duniya ta gaba sai 2030, a Maroko da Sifen da Fotugal. Mutumin Kabuga ba shi da ta cewa a kan wanda za a ɗauka koci, ko ranar da za a biya alawus a Abuja. Amma Ƙofar Mata tafiyar 'yan mintoci ce daga inda yake zaune, abin da zai faru a can kuwa da hannunsa a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In Masu Gida suka gyara gida, mikiya za ta sami inda za ta ɗora ƙafa ta tashi. Allah ya sa a gane, ya kuma ba mai rabo sa'a.